Maƙeri da mai tsara manhaja: sana'a ɗaya ce ko kama ce kawai?

Sadiq_Rayfield:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da maganar da nake so manyanmu su duba min. Ina koya wa matasa tsara manhajar waya a nan Jos, ɓangaren da ake ce wa UX, wato yadda za a shirya abu mutum ya yi amfani da shi bai wahala ba, bai ruɗe ba. Duk takardun da muke karantarwa da su wuri ɗaya suke farawa: Don Norman ya shiga kamfanin Apple a 1993, shi ya yaɗa sunan, sai a ɗan koma baya a ambaci kwamfutocin Xerox na shekarun 1970. Ni a ganina sunan ne sabo, aikin ya daɗe. Maƙerin da ke tambayar manomi irin ƙasar gonarsa kafin ya ƙera masa fartanya, da badukun Naraguta da ke zana tafin ƙafar mutum a kwali kafin ya yanka fata, abin da nake koyarwa suke yi. Daga hannun masu sana'a wannan ilimi ya taso, kuma da su ya kamata a buɗe darasi. Me kuka gani?

Bakin_Ƙarfe:
Wa alaikumus salam. Malam Sadiq ka taɓo gidanmu. Ni a maƙera na tashi, tun ina jan zugazugi har na kai ga riƙe masaba. Babanmu ba ya ƙera garma sai ya san inda za ta shiga. Ƙasar jigawa daban, laka ta fadama daban, ƙasar nan tamu mai tsakuwa da marmara daban. Ta masu huɗar dankali a wajejen Bokkos da Mangu ruwanta ya fi faɗi da nauyi, don kunya ake so ta tashi sosai. Ta noman rani a bakin rafi ƙarama ce, don tsakanin shuka za ta bi.

Amma inda gwanintar take shi ne wajen ƙota. Mutum zai tsaya, a ba shi ƙotar ya sunkuya kamar yana noma, Baba yana kallon bayansa da gwiwar hannunsa. In lanƙwasar ta yi yawa ruwan zai riƙa karta sama-sama, in ta yi kaɗan zai riƙa cakewa yana ƙin fita. Bayan an yi ruwa biyu uku mutumin zai dawo wasa baki. Baba ba ya ma tambayarsa ya ka ji ta. Karɓa yake ya duba inda bakin ya ci da inda ƙotar ta yi santsi, daga nan ya san yadda mai ita ke riƙo. Bahago kuwa laujensa daban ake ƙera masa.

Ummu_Khalil:
Allah ya jiƙan magabata. Wannan na duba inda bakin ya ci ya burge ni ƙwarai.

Injiniya_Bukuru:
Sadiq ƙanena, ina tare da kai a kan girmama masu sana'a, amma ban yarda da kalmarka ta cewa daga wurinsu ilimin ya taso ba. Abu biyu su yi kama ba shi ke nuna ɗaya ya haifi ɗaya ba. In ana maganar tarihi sai a nuna wa ya koya daga wa.

Silsilar da aka sani ta bi ta jiragen yaƙi ne. A yaƙin duniya na biyu, matuƙan jirgin B-17 na Amurka sun riƙa faɗuwa a lokacin sauka, ana rubuta cewa kuskuren matuƙi ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Alphonse Chapanis ya shiga ɗakin tuƙin a 1943, ya tarar makunnin tayoyi da na faifan bayan fiffike iri ɗaya ne sak, kuma suna kusa da juna. Mutumin da ya gaji, idonsa na kan filin sauka, sai ya taɓa wannan a maimakon wancan, ya janye tayoyi jirgi na ƙasa. Aka liƙa wa na tayoyin ɗan ƙaramin taya na roba, na fiffiken aka yi masa wata siffa mai kama da fiffike, yadda hannu zai bambance su ko ba a duba ba. Irin wannan haɗarin ya kau. Daga nan aka samu fannin nazarin mutum da na'ura, a Ingila aka kafa ƙungiyarsa a 1949, su kuma suka haifar da masu nazarin mutum da kwamfuta. Norman kansa masanin halayyar ɗan Adam ne da ya fara da karatun injiniyan lantarki. Ina maƙeri a wannan layin?

Sadiq_Rayfield:
Yaya Injiniya, ai labarin da ka kawo hujjata ce. Wane maƙeri ne zai yi wa wuƙa da guduma mariƙi iri ɗaya? Abin da hannu ya sani tuntuni ne masana suka sake ganowa bayan an yi asarar jirage.

Injiniya_Bukuru:
Sake ganowa ka ce, ba gada ba. To maganata ke nan.

Malam_Na_Tarihi:
Ku biyun kowa ya riƙe gefe guda na igiya ɗaya. Ku ba ni dama in ɗan tsawaita.

Kafin masana'antu, wanda ya tsara abu shi ne wanda ya yi shi, kuma ya san wanda zai yi amfani da shi, sau da yawa har gidansu ya sani. Babu buƙatar wani fanni na musamman, domin ƙorafi da ƙafarsa yake zuwa. Da injina suka zo Ingila a ƙarshen ƙarni na 18 sai aikin ya rabu uku: mai zana abu yana ofis, mai yin sa yana gaban inji, mai saye yana wata nahiya. Auduga ta bar ƙasar Hausa ta tafi Ingila ta dawo atamfa, wanda ya saƙa bai taɓa ganin wadda za ta ɗaura ba.

An yi martani iri biyu. Na farko shi ne na su William Morris, Baturen Ingila mai zanen kayan gida, wanda ya kafa kamfaninsa a 1861, yana cewa a koma aikin hannu don kayan inji sun lalata ɗanɗanon mutane da mutuncin ma'aikaci. Matsalarsa ita ce kayan da ya yi sun yi tsada, sai masu hali ke iya saye, abin ya dame shi har ƙarshen rayuwarsa. Sai makarantar zane da sana'a ta Bauhaus da Walter Gropius ya buɗe a Jamus a 1919. Nan ne silsilar da Injiniya ke nema take. Ɗaliban makarantar ana kiransu da matakan masu sana'a ne, daga ɗan koyo zuwa ƙwararre, malaman kuma ana ce musu iyayen gida na sana'a. A shekarun farko kowane ɗakin aiki yana da shugabanni biyu, mai zane da mai sana'ar hannu: kafinta, masaƙi, maginin tukwane, maƙerin ƙarfe. Da 'yan Nazi suka sa aka rufe ta a 1933, malamanta da yawa suka yi hijira Amurka, suka kafa tsarin koyar da dizain da har yau ake bi.

Na biyu shi ne na masu agogo da ma'auni. Frederick Taylor ya tsaya a kamfanin ƙarfe na Bethlehem a Amurka yana auna nauyin da shebur ya kamata ya ɗauka, ya tsayar da fam 21, wajen kilo 9 da rabi, aka yi shebur daban-daban don kowane irin kaya. Frank Gilbreth kuwa birkila ne, ya yi koyon gini da hannunsa, sannan ya rage motsin ɗora bulo daga 18 zuwa 5. Kun ga ko ɓangaren masana ma daga kallon mai sana'a suka fara. Sai dai mu faɗi gaskiya, Taylor ba jin daɗin lebura ya dame shi ba, yawan abin da zai kwasa a wuni ne.

To ni fahimtata, UX ƙoƙari ne na ɗinke tazarar da masana'anta ta buɗe tsakanin mai yi da mai amfani. Jikan sana'ar hannu ne ta wajen uwa, jikan ɗakin bincike ta wajen uba.

Dan_Dilimi:
Malam Allah ya ƙara basira. Mun ƙaru.

Maman_Hanifa_Tela:
Ni dai ban san su Gropius ba, amma na san awo da gwaji. Mace za ta kawo leshi mai tsada, ba na taɓa sa almakashi sai na tambaye ta: biki ne ko zaman gida, tana shayarwa, tana hawa babur ko Keke, tana son ta yi sallah da shi ba sai ta canza ba? Mai shayarwa zif ɗinta a gaba yake. Kuma a nan Jos dole ka bar ɗan sarari a hannu da ƙirji, don daga Nuwamba zuwa Janairu kowa da rigar sanyi a ciki. Telar da ta zo daga gari mai zafi sai ta yi sanyi ɗaya a nan take gane wannan. Kayan kanti kuwa an ce maka ƙarami, matsakaici, babba, ka zaɓa. Wace mace ce jikinta ya tsaya a uku?

Injiniya_Bukuru:
Hajiya, abin da kika faɗa sojan saman Amurka sai da suka kashe kuɗi kafin su gane shi. A 1950 sun auna jikin matuƙa 4,063 don a gyara kujerar jirgi ta dace da matsakaicin mutum. Wani matashi mai suna Gilbert Daniels ya ɗauki awo goma, tsayi, ƙirji, hannu da sauransu, ya duba mutum nawa ne suka faɗa matsakaici a duka goman. Ko ɗaya babu. Shi ya sa aka koma yin kujera mai matsawa gaba da baya, irin wadda ke motarku yanzu.

Amma ki lura da bambancin. Ke mutum ɗaya kike wa ɗinki, kina ganinta. Mai manhaja mutum miliyan yake wa, ba zai taɓa ganin ko kashi ɗaya cikin dubu ba. Dabarar tela ba za ta yi masa ba, dole ya nemi ta ƙididdiga. Wannan ne ya sa na ce wa Sadiq sana'o'in biyu ne.

Maman_Hanifa_Tela:
Injiniya, in ba zai ga miliyan ba ai zai iya ganin goma. Ya zo shagona ya zauna wuni ɗaya ya ga yadda mata ke fama da tura kuɗin ɗinki.

'Yar_Gangare:
Ku yi haƙuri zan ɗan ɓata muku daɗin hirar. Tun ɗazu ana ta yabon masu sana'ar da kamar komai nasu daidai ne. Wa ya tambayi kakata ko murhun duwatsu uku ya yi mata? Shekaru tana hura wuta a ɗakin girki marar taga, idonta ya lalace, tari bai bar ta ba har ta koma ga Allah. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta hayaƙin girki a cikin gida yana kashe wajen mutum miliyan 3 a shekara, kuma mata da yara ne suka fi shaƙarsa. Turmi da taɓarya fa? An gaje su haka, an bar su haka, har injin niƙa ya zo mata suka gudu wurinsa da ƙafarsu.

Ita kanta fartanyar, Malam Bakin_Ƙarfe, ka ce ana gyara lanƙwasar ƙota. Amma an taɓa tambayar me ya sa dole a sunkuya? Dubi tsofaffin manomanmu yadda bayansu yake. A jihar Kalifoniya ta Amurka an haramta sa leburori noma da gajeriyar fartanya tun 1975 saboda ciwon baya. Mai sana'a yana gyara abin da ya gada, ba kasafai yake tambayar asalin abin ba. Kuma wanda ke da bakin yin ƙorafi a maƙera namiji ne mai kuɗi a hannu.

Bakin_Ƙarfe:
Anti, maganarki ta murhu gaskiya ce, ba ni da ja. Ta fartanya kuwa akwai bayani. Doguwar ƙota muna da ita, masu shuka da sungumi a tsaye suke aiki, kuma can arewa a ƙasa mai yashi akwai masu shema a tsaye da doguwar hauya. Amma huɗa a ƙasa mai nauyi, ka ɗago ƙasa ka kifa ta, gajeriyar ce ke ba ka ƙarfi. An sha kawo wa mutanenmu dogayen fartanyoyi na waje, su karɓa su kawo mana mu yanke ƙotar. Ba jahilci ba ne, aikin ne ya nemi haka. Abin da zai ceci bayan manomi garmar shanu ce ko tarakta, ba tsawon ƙota ba.

'Yar_Gangare:
Na ji wannan. Amma batun waye ake saurara yana nan. Sadiq, ɗalibanka mata nawa suke zuwa tambaya in za su gwada manhaja? Ko abokansu na majalisa kawai suke miƙa wa waya?

Sadiq_Rayfield:
Anti tambayar ta zauna. Yawanci junansu suke ba wa, kuma duk masu boko ne masu manyan wayoyi. Zan sa ya zama sharaɗi daga wannan zangon.

Abu_Suleja:
Tunda an zo maganar mata, bari in kawo wadda ke bayan naira ashirin. Ladi Kwali Bagwariya ce daga Kwali, a wurin gwaggonta ta koyi ginin tukwane da hannu, ba a kan keken juya tukwane ba. Randunanta sun yi suna har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana ajiye su a fada, a can Baturen nan maginin tukwane Michael Cardew ya gan su. Shi ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, ita kuma ta shiga a 1954, mace ta farko.

Ga abin da ya shafi muhawararku. Randar gargajiya ba a gasa ta da wuta mai tsanani, saboda haka jikinta na da ƙananan ƙofofi. Ruwa yana tsatsafowa kaɗan-kaɗan, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Tukunyar ƙasa kuma tana jure zama kan wuta kai tsaye, ba ta da nauyi, kuma da araha. A cibiyar sai aka koma gasawa a tanderu mai zafin sama da digiri 1,200, ana shafa musu ruwan ƙyalli. Randunan Ladi na wannan zamanin sun yi kyan da aka kai su baje koli Landan tun ƙarshen shekarun 1950, suna da zanen kada da ƙadangare da kifi. Amma sun yi nauyi, kuma ba sa sanyaya ruwa, don ƙyallin ya toshe ƙofofin. Suka tashi daga tsakar gida suka koma falo da gidan tarihi. Fasaha ta ƙaru, mai amfani ya canza. Ba ina rage mata daraja ba ne, gwana ce ta gaske. Ina nuna cewa matan ƙauyen da suka ƙi barin randarsu sun san abin da suke yi.

Ummu_Khalil:
Cibiyar tana cikin Abuja ke nan? A wace unguwa?

Abu_Suleja:
Hajiya, tsohuwar Abuja ce, garinmu. Bayan an ƙirƙiri babban birnin tarayya a 1976 aka ba shi sunan, mu muka koma Suleja.

Malam_Na_Tarihi:
A ƙara da Muhammad Bah Abba, malami a Jigawa wanda ya fito daga gidan maginan tukwane. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma, kayan miya suka riƙa kwanaki ba su lalace ba, babu lantarki. Ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ilimin randa ne ya ɗauka ya amsa wata sabuwar buƙata da shi. Wannan ya ɗan amsa wa 'Yar_Gangare: ana samun ɗan gado da ke tambayar asali. Wanda ke son ya ga yawan irin tukwanen ƙasar nan, ya shiga gidan tarihi na Jos da Bernard Fagg ya kafa a 1952, akwai sashe guda na tukwane. Ka dubi wuyan kowane tulu da gindinsa, za ka gane ko a ka ake ɗaukarsa ko a kafaɗa, kamar yadda matan Gwari ke yi.

Sani_POS_Taminus:
Ni duk wannan tarihin ya fi ƙarfina, amma ina ganin sakamakon kullum. Dattijo zai zo cire kuɗi, ya miƙo min kati ya faɗa min lambar sirrinsa da ƙarfi a gaban mutane, don rubutun na'urar ƙanana ne kuma da Turanci. Mai tura kuɗi da lambobin nan na tauraro da shinge, kafin ya gama duba lambar asusu a takarda lokaci ya ƙare, a ce ya sake daga farko. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 na ga mata suna kuka a gaban teburina, kuɗi ya fita bai isa ba, saƙon da ya fito kuma ko ni ban gane me yake nufi ba. Wanda ya tsara abin bai taɓa tsayawa a layi da rana yana riƙe da jaka da yaro ba.

Dan_Dilimi:
Ga kuma na'urar ɗaukar zanen yatsa. Mu masu aikin gareji da manoma da masu wanki yatsunmu sun goge. A ce ka goga a goshi, ka goga a riga, ka dawo gobe.

Ummu_Khalil:
Ni fom ne ke ba ni haushi. Sunan iyali dole. Mu sunan uba muke sawa, wani sunan kaka, wani sunan garinsu. Yau an rubuta wannan a gaba, gobe a wata takardar an juya, sai a ce sunaye ba su dace ba a rufe maka asusu. Ranar haihuwa ma dole, shi ya sa rabin tsofaffinmu aka rubuta musu 1 ga Janairu.

Gwani_Mai_Gyaran_Waya:
Amma a yi adalci, akwai kamfanonin da suka zo suka duba. Nokia 1100 da ta fito a 2003, me ya sa aka sayar da sama da miliyan 250? Tocila a ka, madannai da ƙura ba ta shiga, gefe mai hana sulɓewa, batir ya yi kwanaki. Wani ya zauna ya yi tunanin garin da ba wuta. Tecno ma da layi biyu ta ci kasuwarmu, don sun ga kowa na yawo da waya biyu saboda matsalar sabis, sannan suka gyara kyamara ta riƙa fito da baƙar fata da kyau. Saƙon murya na WhatsApp kuma shi ya shigo da iyayenmu mata cikin harkar gaba ɗaya. Mahaifiyata ba ta karanta boko, amma danna ka riƙe ka yi magana bai gagare ta ba.

Injiniya_Bukuru:
Gwani ka taimake ni. Waɗannan duk da bincike aka yi su, an tura mutane ƙasashe sun zauna da jama'a sun rubuta rahoto. Hanyar masana ce, ba ta maƙera ba.

Bakin_Ƙarfe:
Ranka ya daɗe, zama da jama'a a ga yadda suke aiki, mu ba mu san wata hanya ba bayan ita. Rahoton ne kawai ba mu rubutawa.

Alhaji_Magini:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni gini na gada, ko da yake yanzu siminti muke yi. Ku dubi zaure. Ƙofar waje da ta ciki ba a taɓa sa su saiti ɗaya, don wanda ke tsaye a waje kada idonsa ya faɗa tsakar gida. Baƙo ya san inda zai tsaya ba tare da an rubuta masa ba. Akwai dakali na zama, akwai inuwa, katangar ƙasa mai kauri tana riƙe sanyi da rana ta saki ɗumi da dare. Ginin da kansa yake gaya maka yadda za ka yi. A bayan gidan tarihin nan namu akwai wurin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya, har da masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mikaila ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu. Ɗana Sadiq, ka kai yaranka su tsaya a ciki.

Sai dai abu ɗaya da ban ji kowa ya faɗa ba. Magini in ya yi aikin banza, a garin yake kwana. Zai haɗu da mai gidan a masallaci, a wurin suna, a jana'iza. Akwai Sarkin Magina da za a kai ƙararsa. Kunya da tsoron Allah da tsoron zubewar sunan gida su ne suka riƙe ingancin, ba basira kaɗai ba.

'Yar_Gangare:
Baba Alhaji ka faɗi abin da ke raina. Manhajojin bashin nan fa? An tsara su da kyau ƙwarai. Danna biyu kuɗi ya shigo, kuɗin ruwan an ɓoye shi a ƙananan rubutu, izinin shiga lambobin wayarka an sa shi yadda za ka amince ba ka lura ba, ranar da ka makara a tura wa surukanka saƙon cin mutunci. Waɗanda suka yi wannan sun san mai amfani sarai, sun yi nazarinsa. Sanin mutum daban, nufinsa da alheri daban.

Sadiq_Rayfield:
Wannan a fanninmu ma ana koyar da shi a matsayin abin ƙi. Amma na yarda babu Sarkin Magina da za a kai mu gabansa.

Malam_Na_Tarihi:
A da ma akwai masu algus, kada mu manta. Mudu mai duƙaƙƙen gindi ba yau aka fara shi ba, shi ya sa littattafan fiƙihu suka cika da bayanin awo da aibin kaya da haƙƙin mayarwa. Bambancin shi ne mai mudun ana iya kama hannunsa.

Sadiq_Rayfield:
To in koma kan tambayata. Har yanzu ina kan cewa makon farko na darasi a maƙera da shagon tela ya kamata a yi shi, kafin yaro ya buɗe kwamfuta. Malam Bakin_Ƙarfe da Hajiya Maman Hanifa, in kun amince zan turo muku su biyar-biyar, ba su da aiki sai kallo da rubuta tambayoyin da kuke wa masu zuwa.

Maman_Hanifa_Tela:
Su zo, amma ba mako biyu kafin Sallah ba. Kuma mata za ka turo min, don akwai awon da ba a yi gaban maza.

Injiniya_Bukuru:
Ka kai su, zai amfane su. Amma don Allah kada ka rubuta a takardar darasi cewa UX daga maƙera ya samo asali, wani zai tambaye su hujja a wajen neman aiki. Ka ce masu sana'a sun riga kowa yin abin, fannin kuma ta wata hanya ya zo. Sannan mako na biyu ka koya musu ƙididdiga, don ranar da manhajarsu ta kai mutum dubu ɗari, kallon bakin fartanya ba zai gaya musu a wane shafi mutane ke gudu ba.

Bakin_Ƙarfe:
Shafin da mutane ke gudu ai shi ne inda bakin ya ci, Injiniya.

Sani_POS_Taminus:
Ni dai a turo min biyu su ma, ranar Litinin da safe lokacin da layi ya fi tsawo. Kuma cikin masu aiki a bankuna da ke wannan zaure, akwai wanda zai iya gaya mana wa ke yanke tsawon lokacin da ake ba mutum kafin lambar tura kuɗi ta katse? Bankin ne ko kamfanin layi?